Tiyata ko gashi? Amsa ga wani na'ibin liman a Aboabo

Assalamu alaikum. Ina roƙon a sakaya sunana. Shekarata 52, ina sayar da kayan gyaran mota a kasuwar Magazin, gidana yana Aboabo, duk a Kumasi ta ƙasar Ghana. Ni nake jan salla a masallacin layinmu idan liman ba ya nan. Watan jiya aka ɗebi 'yar tsoka a jikina aka kai gwaji, sakamako ya fito cewa kansar furostet ce. A takardar an rubuta PSA 9, da wani abu wai Gleason 3+4=7. Hoton MRI ya nuna ba ta fita waje ba. Likita ya ce in zaɓa, ko tiyata a cire, ko gashi, wato a riƙa haska wurin da na'ura don kashe ciwon, ko a dakata ana sa ido, ya ba ni wata guda in yi shawara. Mahaifina da robar fitsari a jikinsa ya rasu, ba mu taɓa sanin sunan ciwonsa ba. An ce mini wanda aka yi wa tiyata fitsari ke zubo masa. To yaya alwalata? Yaya zan tsaya gaban jama'a ba ni da tabbacin tsarki? An kuma ce namiji ba ya komawa daidai. Matana biyu, uwargida mai 'ya'ya biyar, amarya kuma shekararmu biyu da aure, Allah bai kawo rabo ba tukuna. Ko ɗaya ban faɗa wa ba. Ƙanena da ke Jamus ya ce zai haɗa kuɗi in tafi Indiya a yi mini aiki da na'urar robot. Abokina kuma ya kawo mini wani maganin gargajiya da ake talla a rediyo, ya ce in sha wata uku in gani. Barci ya gagare ni. Wanne zan ɗauka wanda ba zai raba ni da alwalata ba?

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba da lafiya, ya sa kaffara ne.

Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma a karo na biyu ne na lura da wani abu. Ka ambaci alwala da tsarki har sau uku, mutuwa kuwa ba ka kira sunanta ba sai a kan mahaifinka, Allah ya jiƙansa. Zan dawo kan wannan, don a nan amsarka take. Amma bari in fara da abin da zai sa ka yi barci yau.

Lambobin da ke takardarka sun ba ka lokaci. Ni ba likita ba ne, ma'aikacin jinya ne da ya yi shekaru a ɗakin maza kafin ya ajiye aiki, kuma takarda ba ta maye gurbin likitan da ya duba ka da hannunsa. Sai dai karatun waɗannan lambobi ba sirri ba ne. Furostet wani ɗan ƙullutu ne, girmansa bai wuce goro ba, yana zaune a ƙarƙashin mafitsara, hanyar fitsari ta ratsa ta tsakiyarsa, aikinsa kuma haɗa wani ɓangare na ruwan maniyyi. Mutanenmu kan ce "kansar mafitsara", amma mafitsararka lafiyarta ƙalau, maƙwabcinta ne ya kamu. PSA wani sinadari ne da ƙullutun ke saki cikin jini. Ƙasa da 10 ana lissafa shi a mataki na ƙasa, 10 zuwa 20 tsaka-tsaki, sama da 20 shi ne ake ɗaga gira. Gleason kuwa sunan likitan Amurka ne da ya tsara ma'aunin a shekarun 1960, yana auna yadda kamannin tsokar suka baɗe daga na lafiya. Lamba ta farko ita ce nau'in da ya fi yawa a tsokar da aka ɗiba. Shi ya sa 3+4 da 4+3, duk da kowanne bakwai ne, ba ɗaya ba ne, kuma naka shi ne mai sauƙin. A sabon lissafi mai hawa biyar, kai kana hawa na biyu. Irin wannan a shekaru take tafiya. Wata guda ko biyu da za ka ɗauka kana tambaya da auna abubuwa ba za su canja maka komai ba, sauri kuwa shi ke haifar da nawa.

An yi wani babban gwaji a Birtaniya mai suna ProtecT. An ɗauki maza 1,643 masu shekara 50 zuwa 69 da kansarsu ba ta fita daga furostet ba, aka raba su uku ta hanyar ƙuri'a: tiyata, gashi, sa ido. A 2023 aka fitar da sakamakon shekara 15. A kowane rukuni, kusan mutum 3 ne kacal cikin 100 kansar ta kashe. Tiyata ba ta fi gashi tsawaita rai ba, gashi bai fi tiyata ba. Inda bambanci ya fito shi ne yaɗuwa: a masu sa ido, ta bazu a jikin kusan 9 cikin 100, a sauran rukunan biyu kusan 5. Sai dai kusan duk mutanen gwajin Turawa ne, kuma kashi uku cikin huɗu nasu Gleason 6 gare su, wato ƙasa da naka. Mu baƙar fata ciwon ya fi kama mu, ya fi kuma kama mu da wuri. A Ingila lissafinsu shi ne baƙin mutum ɗaya cikin huɗu zai gamu da shi a rayuwarsa, alhali a maza gaba ɗaya ɗaya ne cikin takwas.

Saboda haka batun dakatawa a sa ido, ba wauta ba ce, akwai masu 3+4 da ake yi wa haka, musamman idan kason lamba 4 ɗin ɗan kaɗan ne. Amma sa ido aiki ne: gwajin jini duk bayan 'yan watanni, hoto, da sake ɗibar tsoka lokaci zuwa lokaci, shekara da shekaru ba fashi. Na san mazan Zango, ni ma ɗaya ne daga ciki. Da zarar jiki ya yi daɗi, kasuwa ta buɗe, katin asibiti sai ya shige ƙarƙashin katifa. Ga shekarunka 52, in Allah ya so akwai tafiya mai nisa a gabanka, ga kuma tarihin mahaifinka wanda ba mu da tabbas a kai amma yana da kama. Ra'ayina shi ne ka yi magani cikin watannin nan, ka yi shi a tsanake.

To, tiyata ko gashi. Tunda a wajen rai sun yi kunnen doki, abin da ya rage shi ne wace wahala za ka iya zama da ita, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A tiyata ana cire furostet ɗin gaba ɗaya, a sake haɗa hanyar fitsari da mafitsara. Za ka koma gida da roba ta sati ɗaya zuwa biyu, kuma wajen sati shida ba ɗaukar kaya mai nauyi, don haka giyabos da injin da kake cicciɓa a shago sai yara su yi. Abin da aka faɗa maka game da fitsari akwai gaskiya a ciki. A wancan gwajin, wata shida bayan tiyata, 46 cikin 100 suna sa ƙunzugu saboda ɗigo. Bayan shekara shida sun ragu zuwa 17, kuma da yawansu ɗan ɗigo ne lokacin tari ko ɗaga kaya. A masu gashi kuwa 4 ne cikin 100. Motsa tsokar da mutum ke matsewa idan yana riƙe fitsari yana gaggauta dawowar riƙon, kuma gara a fara koyonsa tun kafin a shiga ɗakin aiki. Alfanun tiyata shi ne ana kai duk abin da aka cire ɗakin gwaji a san haƙiƙanin inda ciwon ya kai, PSA ya kamata ya faɗi kusan sifili cikin wata biyu, kuma idan ya sake ɗagowa daga baya, ƙofar gashi a buɗe take. Wanda ya fara da gashi kuwa, yi masa tiyata daga baya aiki ne mai wuya, likitoci kaɗan ke taɓa shi, ko da yake akwai wasu hanyoyin.

Gashi, duk da sunansa, ba wuta ba ce. Kwanciya za ka yi 'yan mintoci, na'ura ta auna wurin ta haska shi, ka tashi ka sa wandonka ka tafi, ba ka ji komai ba. Wahalarsa sintiri ce: Litinin zuwa Juma'a, sati bakwai zuwa takwas a tsohon tsari, ko sau 20 cikin sati huɗu a sabon tsarin da wurare da yawa suka koma. Kai kam ka yi sa'a, asibitin Komfo Anokye, wanda duk Kumasi ke kira Gee, yana da sashen gashi, daga Aboabo mota ɗaya ce ko biyu. Ka tuna akwai masu tasowa daga Bawku da Wa su kama ɗaki a garin nan don abin da kai za ka je ka dawo kafin azahar. Lokacin gashin da ɗan bayansa mutum kan ji gajiya, yawan fitsari da zafinsa, da saurin jin bayan gida, domin dubura tana jingine da furostet. Kaɗan daga cikin mutane kan ga jini a bayan gida ko bayan shekaru. Akwai kuma ɗan ƙaramin haɗarin wata kansar ta tsiro a mafitsara ko dubura bayan shekaru masu yawa, abin da ɗan shekara 75 ba zai damu da shi ba amma kai dole a faɗa maka. Wani lokaci ana haɗa gashi da allurar da ke kwantar da sinadarin mazantaka na wata huɗu zuwa shida. Ita ce ke kawo zufa da zafin jiki bagatatan, ƙiba, da mutuwar sha'awa, har sai an daina ta jiki ya farfaɗo. A irin matakinka ba kullum ake buƙatarta ba, don haka ka tambaya kai tsaye.

Akwai kuma gashi na ciki, wanda asibitin Korle Bu a Accra ke yi. Ana dasa wasu 'yan ƙwayoyi masu kamar ƙwayar shinkafa a cikin furostet ɗin a zama ɗaya, su yi ta aikinsu a hankali har ƙarfinsu ya ƙare. Ya fi dacewa da wanda furostet ɗinsa bai yi girma sosai ba kuma fitsarinsa na fita sosai. Ba ka faɗa mini yadda naka yake ba. In kana tashi sau huɗu da dare, ko kana tsayawa kana yunƙuri kafin ya zo, wannan hanyar za ta iya ƙara toshe ka, kuma a irin wannan hali tiyata ce ke buɗe hanya. Wanda aka dasa wa ƙwayoyin ana ce masa ya guji ɗora ƙananan yara a cinya da zama manne da mai ciki na wajen wata biyu.

Yanzu maganar da ka rubuta a layi ɗaya ka wuce da sauri. Jijiyoyin da ke tayar da gaban namiji suna bin gefen furostet dama da hagu, siraran gaske. Tiyata tana taɓa su nan take, sai a yi ta jiran farfaɗowa, wata shida, shekara, har biyu. Gashi kuwa a hankali yake rage ƙarfin cikin shekaru. A gwajin Birtaniya, kafin a yi komai, 67 cikin 100 ne ke iya biyan buƙatar iyali. Bayan shekara shida sun koma 17 a masu tiyata, 27 a masu gashi, 30 a masu sa ido. Lambobin ba su da daɗin ji, amma ka lura ko waɗanda aka dakata da su sun ragu, shekaru ma suna cin nasu rabon, kuma tsaka-tsakin shekarun mutanen 62 ne. Kai ka fi su ƙuruciya da shekara goma, wannan babban abu ne. Ka tambayi likitan tiyata ko a yanayinka zai iya tsallake jijiyoyin, gefe ɗaya ko duka biyu. Akwai ƙwayoyi irin su sildenafil da ke taimakawa, amma daga hannun likita, domin haɗa su da wasu magungunan ciwon zuciya na iya kayar da mutum. Na tasha da ake sayarwa a leda, kada ka kusance su.

Haihuwa ita ce ba a faɗa maka ba, kuma ita ce ba ta jira. Bayan tiyata, ko da ƙarfi ya dawo kuma ana jin daɗi, maniyyi ba ya fita, don an yanke hanyarsa. Ciki ta hanyar da aka saba ya ƙare ke nan. Gashi ma yana rage maniyyi ya kuma lalata iri. Mafita ita ce a ajiye maniyyinka a daskare tun kafin a fara komai. Asibitocin neman haihuwa a Accra da Kumasi suna wannan aikin, kuma manyan majalisun fiƙihu sun halatta dashen ciki matuƙar irin na miji ne da matarsa kuma igiyar aure na nan. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan kaɗai ya isa ya sa ka zaunar da amarya cikin satin nan. Yarinya tana ƙirga wata tana zargin kanta, wataƙila har 'yan'uwanta sun fara kai ta wajen masu magani, kai kuma kana shirin yanke hukuncin da ya shafi mahaifarta ba da saninta ba. Wannan bai dace da kai ba, Malam, kuma ka sani. Amma ka fara da uwargida. Ita ta haifa maka biyar, ita za ta wanke zanin gado idan ta kai ga haka, kuma idan ta ji labarin daga bakin wani ko bayan amarya, ciwon da za ka jawo wa gidanka sai ya fi na jikinka daɗewa. Na ga maza da yawa a gadon asibiti suna ɓoye wa matansu takarda a aljihun jalabiya, kuma ban taɓa ganin matar da ba ta riga ta gane ba. Ita dai jira take a ɗauke ta mutum a gaya mata. Ka tafi da ɗayarsu ko babban ɗanka ranar ganin likita, domin mai ciwo rabin bayani yake ji.

Batun alwala kai ne malami, ni almajiri. Ka fi ni sanin cewa a Risala an ce mustahabbi ne mai yoyon fitsari ya sake alwala a kowace salla, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya yoyon da ya lazimci mutum rabin lokaci ko fiye ba ya karya alwala. Sallarka ingantacciya ce ko da ƙunzugu a jikinka. Na san kuma abin da ke cin ranka ya wuce nan: malamai sun karhanta mai yoyo ya yi wa masu lafiya limanci. Ba zan ce maka wannan ƙaramin abu ba ne, mutumin da ya saba tsayawa a gaba ya koma sahu. In ka zaɓi tiyata, ka sa a ranka za ka ba wani wurin na wasu watanni, ƙila ya dawo hannunka, ƙila kuma ka faɗa cikin 'yan kaɗan ɗin da ɗigon ke zame musu abokin zama.

Shi ya sa, da ni ne kai, da wannan wasiƙar a hannuna, likitan gashi zan fara nema in zauna da shi sosai, in tambaye shi har da batun na ciki. Wanda ya ce shi ba zai iya barci da ciwon a jikinsa ba, a cire kawai, zan tura shi wajen tiyata da zuciya ɗaya. Kai ba haka ka rubuta ba. Duk da haka kada ka yanke sai ka ga su biyun, kowa a ofishinsa. Likitan da ya ɗebi tsokarka galibi mai tiyata ne, kuma ko a Magazin ka san mai walda da mai sayar da sabon ƙarfe ba sa ba direba shawara iri ɗaya, ba don ɗayansu maƙaryaci ba ne. Ka tambayi mai tiyata sau nawa yake irin wannan aikin a shekara da yadda mutanensa suke ƙarewa wajen fitsari. Ka tambayi mai gashi yaushe za a fara, zama nawa ne, da allura ko babu. Ka tambayi su duka cikin allurai nawa da aka soka wajen ɗibar tsokarka nawa ne suka nuna ciwon, kuma kashi nawa ne lamba 4. Kowanne ya rubuta maka kuɗin a takarda tun daga farko har bibiya, ka kuma je da katin inshorarka ka ji da kunnenka abin da yake ɗauka da abin da ba ya ɗauka, kafin ka taɓa jarin shago.

Maganin abokinka, ka gode masa ka ajiye. Yawancin irin waɗannan tallace-tallace kumburin furostet na tsufa suke nufi, wanda ba kansa ba ne, kuma sauƙin fitsari ba ya nuna kansa ta tafi. Akwai ma magungunan da ke rage lambar PSA da rabi alhali ciwon na nan, irin su finasteride, kuma ba ka san abin da aka zuba a kwalbar ba. Addu'a da rubutu kuwa ba su hana zuwa Gee, ka haɗa su.

Indiya kuma, ƙaninka ya yi zumunci, Allah ya saka masa. Sai dai na'urar robot ba ita ke aikin ba, hannun likita ne ke juya ta. An gwada ta da tiyatar buɗe ciki a Ostareliya, sakamakon farko ya fito a 2016: an fi samun ƙarancin zubar jini da saurin sallama, amma wajen riƙe fitsari da ƙarfin namiji sun tashi kusan daidai. Ga kuɗin jirgi da masauki na mutum biyu, sannan duk abin da ya taso bayan ka dawo, a nan Kumasi za a neme shi, wajen likitan da bai ga cikinka ba. Ciwon nan kuma bibiyarsa ta shekaru ce, gwajin PSA ba zai rabu da kai ba ko wace hanya ka bi. Ka ce masa ya riƙe kuɗin, za a buƙace su wajen ajiyar maniyyi da magani da cefanen gida a watannin da shago zai yi sanyi.

Idan kun yi waya, ka tambaye shi shekarunsa nawa yanzu. Wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa na jini ya kamu, haɗarinsa ya ninka na sauran maza kusan sau biyu. In ya kai 45, ya je a auna masa PSA a can Jamus, haka sauran 'yan'uwanku maza da ke nan. 'Ya'yanka maza kuma ka faɗa musu sunan ciwon ƙarara, su riƙe, idan sun kai arba'in su gaya wa likita.